Kai yara hasumiyar fitila ta Jamestown a Akra: wa zai hau, wa zai zauna a ƙasa

Tambaya: Daga Kano nake. A dogon hutun Agusta za mu je Akra wurin yayata da ke aure a Nima, da yara huɗu: 'yar shekara 12, ɗan shekara 9, 'yar shekara 6, sai autana mai shekara 3. Babansu ya nace sai ya kai su hasumiyar nan mai ja da fari ta bakin teku a Jamestown. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu. Ni tsayin nake jiye musu. Wanda ya san wurin ya taimaka mini da shawara.

Amsa:

Hajiya, sannu da shiri, Allah ya kawo ku lafiya. A Sabon Zango na Akra aka haife ni, labarin ƙasa nake koyarwa, kuma shekara da shekaru ke nan ina kwasar 'yan makaranta zuwa wannan hasumiya, wani lokaci mota guda cike. Ku je, maigidanki ya yi dabara. Manyan biyu su hau. Ta shidan ta hau in ita da bakinta ta ce tana so. Autan ya zauna a ƙasa da babba guda. Tsoron da kike yi wa tsayi kuma ki raba shi biyu, ki mayar da babban kason wajen ruwa, don can ne haɗarin yake.

Abu guda nake so ki riƙe kafin komai, don shi zai warware miki sauran: ba don 'yan yawon buɗe ido aka gina hasumiyar nan ba. Kayan aiki ce ta jiragen ruwa, a hannun hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Gana take, kuma a tsakiyar unguwar masunta take tsaye, inda mutane suke neman abincinsu. Matakalarta don ma'aikaci ɗaya mai ɗauke da galan aka yi ta. Ƙarfen da ya kewaye barandar sama don babban mutum aka auna shi. Babu lilo, babu wurin sayar da tikiti mai gilashi, babu ma'aikaciyar da za ta riƙe miki yaro. Duk iyalin da na ga sun koma gida da ɓacin rai, sun zo ne da tsammanin irin wurin wasan yara na manyan kantuna.

Ki fara ba yaran labarinta tun daga gida. Akra ba ta da mashigin ruwa mai zurfi da babban jirgi zai raɓa. Kafin a buɗe tashar Takoradi a 1928 da ta Tema a 1962, jiragen da suka zo Akra can nesa suke tsayawa su saki anga, sai manyan kwale-kwale masu matuƙa da yawa su yi ta jigila cikin igiyar ruwa, su kwaso kaya da mutane, su kai buhunan koko. Jirgin da ya iso da dare yana bukatar abin da zai ce masa ga Akra nan, kada ka matso fiye da haka. Turawan Ingila suka gina hasumiya ta farko a 1871, shekara shida kafin su ɗauko hedikwatarsu daga Cape Coast su dawo da ita Akra a 1877. Wadda za ku gani yanzu ta farkon shekarun 1930 ce, ita ta maye gurbin waccan. Tsayinta mita 28, kusan bene mai hawa tara. Wanda ya taɓa ganin hasumiyar babban masallacin Agadas, mai mita 27, to kusan kai ɗaya suke. Da yake a kan tudu take, fitilarta tana mita 34 sama da ruwa.

Kafin ku fito daga Nima, ki duba ƙafar kowa. Silifas ba ya hawa hasumiya. Takalmi mai rufi ko sandal mai maɗauri a dunduniya, shi ke nan. Na taɓa ganin silifas ɗin yarinya ya zame daga sama ya yi ta ƙara yana gangarowa, ita kuma ta juya za ta bi shi, da ƙyar malamar da ke bayanta ta cafke ta. Babbar 'yarki in doguwar riga ko dogon hijabi za ta sa, ta sa wando a ciki, ta tattare rigar zuwa ƙwauri, ta soke hijabin yadda ba zai yi ta filfilwa ba. Iskar sama ba irin ta ƙasa ba ce, takan cika hijabi kamar tanti ta rufe wa mutum fuska daidai lokacin da yake neman inda zai sa ƙafa. Ke ma haka in za ki hau. Hannu biyu su zama a sake: ba leda, ba gorar ruwa, ba waya a hannu.

In kun isa, tun kafin ku gama sauka daga mota samari za su taso, kowa yana cewa shi ne mai zagayawa da baƙi. Kada ki tsorata, kada kuma ki yi musu kallon 'yan damfara gaba ɗaya. Da yawansu 'yan unguwar ne, sun san kowane lungu, kuma tafiya da ɗan gari tana sauƙaƙa muku shiga wurin masunta. Amma maigida ya zaɓi mutum ɗaya, su yi ciniki a gaban kowa kafin a ɗaga ƙafa: nawa ne gaba ɗaya, na mutum nawa, da hawan hasumiya a ciki ko ban da shi, a sidi, kuɗin Gana. Ya kuma tabbatar da idonsa cewa ƙofar a buɗe take, don ba kullum ake buɗe ta ba. Ni kaina, ɗan gari, an taɓa yi mini. Farkon fara kai ɗalibai na miƙa wa wani kuɗin yara talatin, ya ce bari ya karɓo mabuɗi. Har yau yana karɓowa. Ku riƙe canji ƙanana, kuma a biya rabi a farko, rabi in an gama.

Matakalar murɗaɗɗiya ce, tana zagayawa tana hawa, kuma can sama ta fi tsukewa da miƙewa. Ciki akwai zafi da ɗan duhu in an fito daga hasken rana, don haka ku tsaya minti ɗaya a gindi ido ya saba. Ƙa'idata ba ta canzawa: wajen hawa babba yana baya, wajen sauka babba yana gaba, wato kullum babba yana ƙasa da yaro. In ku biyu ne manya a ciki, ɗaya gaba ɗaya baya. Ki ba ɗan shekara taran aikin ƙirga matakala da ƙarfi. Yana hana shi gudu, yana kuma ɗauke wa ƙanwarsa hankali daga tsoro. In sun sauko su sake ƙirgawa a ga ko lissafin zai zo ɗaya. Bai cika zuwa ɗaya ba, kuma gardamar takan kai su har gida.

Goyo kuwa a'a. Na san abin da zai zo miki a rai ke nan: in goya autan in hau da shi. A matakala mai murɗawa kan ɗan goyo shi ke bugun bango, nauyinsa kuma yana jan uwar baya duk lokacin da ya leƙa. Ɗauka a kafaɗa ta fi muni, don ta cinye hannu ɗaya. Kuma ko kun kai shi sama ba abin da zai ƙaru da shi. Yaro mai shekara uku akuyar da ke bin gindin hasumiyar ta fi burge shi a kan jirgin da ke nesa. Ki ja yayarki ko wani babba daga gidanta ku tafi tare, a yi karɓa-karɓa: wasu su hau, wasu su zauna da shi a inuwa.

Sauka ta fi hawa wuya, wannan kowa sai ya je yake yarda. Wajen hawa bango kake kallo, wajen sauka rami. A nan ne yaro yake sandarewa. Akwai shekarar da wani ɗalibina, ɗan shekara goma sha uku, wanda ya cika motar da cika baki tun daga makaranta, ya kai rabin sauka ya rungume ƙarfe ya ce shi nan zai kwana. Wata 'yar mitsitsiya a ajin ce ta zauna kusa da shi ta ce su sauka da zama. Haka suka yi, matakala ɗaya bayan ɗaya, da mazaunai, tana ba shi labarin kyanwarsu. Tun daga ranar dabarar da nake amfani da ita ke nan. Yaron da ya tsorata a zaunar da shi, a sa ya kalli ƙafarsa kawai, a sauko a zaune. Kada a yi masa tsawa, kada a ce ƙanwarka ma ta iya. Ki ja kunnen babansu a kan wannan tun a gida, don iyaye maza sun fi yawan faɗin haka.

A baranda doka biyu ce. Ƙafa biyu a ƙasa koyaushe, ba ɗage, ba taka ƙarfe. Kuma ba a ɗaga yaro don ya gani da kyau, ko na daƙiƙa ɗaya, ko don hoto. 'Yar shekara shidan ta tsaya bayanta a jikin bango, hannunta cikin na babba. Daga nan ma tana ganin komai.

To, me za a gani? A nan nake so ki ɗan tsaya, don yawancin mutane sukan hau, su ɗauki hoto, su sauko cikin minti biyar, su ce ashe shi ke nan. Tun kuna ƙasa, a bakin ruwa, ki sa yaran su kalli inda teku ya haɗu da sama, su nemi jirgi ko kwale-kwale mafi nisa da suke iya hangowa, su riƙe a ransu. In sun kai sama su sake dubawa. Za su ga wasu da ba su gani ba a ƙasa, kuma wanda ɗazu kansa kawai suke gani yanzu ga shi har cikinsa. Sai ki tambaye su dalili, ki yi shiru. Kada ki ba su amsa. Ɗan shekara taran zai ce don mun fi kusa, sai yayarsa ta ce ai ba mu matsa ba, sama muka yi. Ki bar su su yi ta yi.

Amsar ita ce duniya a dunƙule take, ruwan teku kuma ya bi wannan lanƙwasa. Ki kifa ƙwarya ki ɗora tururuwa biyu, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan: ba sa ganin juna, cikin ƙwaryar ya tare. Ɗaya ta hau kan tsinke, sai ta hango 'yar'uwarta. Hasumiya ita ce tsinken. Akwai ma lissafinsa, kuma 'yar shekara goma sha biyun za ta iya. A nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da tsayin idon mutum a mita, sai a ninka ta da 3.6, abin da ya fito shi ne nisan da ido ke kaiwa a kilomita. Yaron da idonsa ke mita 1 daga ruwa yana ganin kilomita 3.6. Babansa, kamar kilomita huɗu da rabi. Daga mita 34 kuwa, kusan kilomita 21. Matuƙin jirgi shi ma ba a kan ruwa yake kwance ba, yana tsaye ne mita shida ko bakwai a sama, wannan ya ƙara masa kamar kilomita tara. Ka haɗa, ka sami 30. Kuma nisan da aka rubuta wa fitilar Jamestown ke nan a littattafan matuƙa: mil 16 na teku, kowane mil mita 1,852, wato kusan kilomita 30. Ranar da ɗalibi ya yi wannan lissafi da kansa ya ga ya faɗa daidai da abin da aka rubuta, fuskarsa takan canza. Ni saboda wannan fuskar nake ta komawa.

Tambaya ta biyu da za ki jefa musu: matuƙi ya hango haske da dare, ta yaya zai san na Akra ne ba na wani gari ba, ko ba fitilar wani gida ba ce? Kowace hasumiya da irin ƙyaftawarta, kamar yadda kowane maroƙi da irin kiɗansa. Ta Jamestown farin haske ne, ƙyaftawa huɗu, sai ta huta, duka cikin daƙiƙa 25. Matuƙi ya ƙirga, ya duba littafinsa, ya san inda yake. Da rana kuma, da fitila ba ta da amfani, fentin ne ke magana: ja da farin nan ba ado ba ne, don a bambanta ta da sauran gine-gine daga nesa aka yi shi. In kun yi sa'a wata rana magariba ta same ku a gefen nan na gari kuma fitilar tana aiki, ku tsaya a mota yaran su ƙirga.

Za su tambayi yadda fitila ɗaya take kai haske kilomita 30. Sirrin ba a girman wutar yake ba, a tattara ta yake. Fitilar da aka ajiye a fili haskenta watsewa yake ko'ina, sama da ƙasa, rabinsa a banza. Wani Bafaranshe mai suna Augustin Fresnel ya ƙirƙiro gilashi mai zobba-zobba da ke kamo hasken nan ya miƙar da shi waje ɗaya kamar sanda, aka fara sa shi a hasumiyar Cordouan ta Faransa a 1823, daga nan ya bazu a hasumiyoyin duniya. Ki gwada musu a gida: a kashe wuta, a haska tocilan a bango, sannan a sa kwalba cike da ruwa a gabanta a ga yadda hasken ke tsukewa ya ƙara ƙarfi.

'Yan Islamiyya kuma ga nasu. Da Larabci manara ake ce wa irin wannan gini, wato wurin wuta ko wurin haske, kuma kalmar ce dai ake kiran hasumiyar masallaci da ita. Mafi shahara a tarihi ita ce ta Iskandariyya a Masar, wadda aka gina fiye da shekara ɗari biyu kafin haihuwar Annabi Isa, tsayinta ya haura mita 100. Girgizar ƙasa ta yi ta cin ta. Ibn Battuta ya gan ta a 1326 gefe ɗaya ya rushe, da ya dawo a 1349 ya tarar ko shiga ba ta yiwuwa. Daga baya Sarki Ƙaitbay ya gina ganuwarsa a gurbin.

In an gama da teku sai a juyo a kalli gari. Dab da ku ga James Fort, gidan ganuwa na Ingilishi, na 1673. Gaba kaɗan ta gabas ga wani gidan ganuwar, Ussher Fort, wanda mutanen Holan suka gina a 1649. Ta yamma ga bakin tafkin Korle. A bayanku rufin kwano ne cunkus, cikinsu har da Bukom, 'yar unguwar da ta fitar da zakarun damben duniya irin su Azumah Nelson da Ike Quartey, abin da zai faranta wa ɗanki rai in yana son dambe. Ƙasa kuma ga tashar masunta. An sake gina ta da tallafin ƙasar Sin, aka ƙaddamar a 2024, don haka tsofaffin hotunan da kika gani a intanet ba lallai su yi kama da abin da za ku tarar ba.

Yanzu ruwa. Ki karanta wannan sau biyu.

Yaran Kano ruwan da suka sani kwantacce ne: kududdufi, dam, rafi. Ka tsaya a gefe, yana nan inda yake. Teku ba ya tsayawa. Igiya takan zo ta mari ƙafa, in za ta koma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin tafin ƙafa, mutum ya ji ƙasa tana guduwa da shi. Babba yakan yi tangaɗi, yaro faɗuwa yake yi, ta biyu kuma ta iso kafin ya tashi. Kuma ba duka igiyoyi ne girmansu ɗaya ba. Biyar ƙanana su wuce har a saki jiki, ta shida ta zo ta wuce inda kuka ajiye takalma. Gaɓar Gana kaf an san ta da wani jan ruwa da ke komawa ciki ta wani ɗan siririn layi, da ƙarfin da gwanin iyo ma ba ya iya yi masa gaba da gaba. Abin takaici, wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, don igiya ba ta fashewa a nan. Wanda ya faɗa ciki ba ya yin gaba da shi, gefe yake yi, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga layin. Wannan na faɗa don babansu ya sani, ba don a gwada ba. Agusta kuma lokacin da ruwan ya fi sanyi ne da tashi.

Yaron da ruwa yake ci ba ya ihu. Ba ya ɗaga hannu yana kira kamar a fim, bakinsa yana nutsewa yana fitowa, numfashi kawai yake nema. Shi ya sa ba a cewa ai muna jin su. A bakin teku kowane yaro da babban da aka ambaci sunansa a kansa: ke autan, Alhaji ta shidan, yaya manyan biyu. In aka ce kowa ya sa ido, babu wanda ya sa. Mai riƙe da yaro kuma ba ya ɗaukar hoto. Ki ajiye lambar gaggawa ta Gana a wayarki, 112.

A Jamestown dai kada ma a taɓa ruwan. Bakin aiki ne: ga ƙugiya, ga fasassun kwalabe, ga igiyoyin da aka ɗaure kwale-kwale da su, waɗanda kan miƙe farat ɗaya su share ƙafar mutum. Ruwan kuma ba shi da tsabta, don dattin gari da tafkin Korle ke kwasowa nan kusa yake zubowa. In yaran sun matsa sai sun jiƙa ƙafa, kuma za su matsa, ku ware wata rana ku je bakin tekun Labadi inda ake biyan kuɗin shiga, hannu cikin hannu, ruwa iya idon sawu.

Wurin masunta shi ne rabin daɗin tafiyar, in an shiga da ladabi. Kwale-kwalen nan daga gungumen itace ɗaya ake sassaƙa cikinsu, itacen wawa, a ƙara katako a gefe, a yi musu fenti da tutoci da rubuce-rubuce. Ki sa yaran su karanta sunayen. Mata kuma suna banda kifi a kan murhun laka mai tire hawa-hawa, wanda ake kira da sunan Chorkor, unguwar da ke gaba kaɗan inda aka fara shi. Amma mutanen nan sun gaji da baƙin da ke cusa musu kyamara a fuska ba sallama. A gaisa tukuna. Da safe "Ojekoo" ake cewa da harshen mutanen Ga, 'yan asalin Akra, godiya kuma "Oyiwaladon". Yaro baƙo ya faɗi wannan, ko ya karkace, sai kin ga an washe baki. A nemi izini kafin hoto, in an ce a'a a wuce. Kada a taka raga, kada a tsallake ta, kada a hau kwale-kwalen mutum sai ya ce a hau. Ranar Talata masunta ba sa fita teku, al'adarsu ce tun kakanni. Ranar za ku ga jiragen a jere ana ɗinkin raga, an fi samun sararin hira, sai dai ba za ku ga saukar kifi ba. Ni da ƙananan yara Talatar na fi so, cunkoso ya fi sauƙi.

Gidajen ganuwar nan biyu kuwa, ki shirya abin da za ki ce, don babbar za ta tambaya. An tsare bayi a cikinsu kafin a ɗora su a jirgi. Daga baya suka zama kurkuku. A James Fort aka ɗaure Kwame Nkrumah, wanda ya zama shugaban Gana na farko, a 1950, yana ciki ya ci zaɓe, aka sake shi a Fabrairun 1951 ya fito ya kafa gwamnati. Akwai kuma kasuwa a unguwar mai suna Salaga, sunan garin nan na ƙasar Gwanja inda fataken Hausa suke zuwa sayen goro. Salaga ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba, har da mutane, kuma wasunsu nan bakin ruwan aka gangaro da su. Ina faɗa wa ɗalibaina wannan ba tare da na ɓoye cewa labarin ya taɓa mu ba, ta wajen waɗanda aka sayar da ta wajen masu ciniki. 'Yar shekara goma sha biyu za ta iya ɗauka. Ta shidan ba sai an shiga da ita ɗakunan duhu ba.

Lokaci: ku iso tsakanin takwas da tara na safe. Agogon Gana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, yaran za su farka da wuri ko ba a tashe su ba. Agusta a Akra akwai sanyi-sanyi da lumshi, babu ƙurar hunturu da ke rufe hange a Disamba da Janairu, kun dace. Sai dai watan bikin Homowo ne na mutanen Ga, kuma Jamestown ce cibiyarsa. Akwai ranakun da tituna ke cika maƙil, da kiɗa da harbin bindigar gargajiya. Abin kallo ne, amma ba da yara huɗu baƙi ba. Yayarki ta tambayo muku ranakun a kauce musu. Awa biyu zuwa uku sun isa komai, kuma ku bar wurin kafin azahar. Ku ɗauki tasi ko motar gida, motar haya ta trotro da yara huɗu sai an saba. Kowa ya zaga bayi kafin a fito, don a can samun mai tsabta aiki ne. Katin rigakafin shawara kuma, na kowa har autan, ki haɗa shi da fasfo tun yanzu, ana tambayarsa wajen shiga Gana.

Abinci ba zai ba ku wuya ba. Ku karya a Nima da koko da ƙosai, wanda duk Gana ake kira Hausa koko. Waakye da za ki ga ana layi a kansa shinkafa da wake ne, sunan ma daga bakinmu aka ɗauka, jan launin kuma na karan dawa ne. A Jamestown abin gari shi ne kenke, wani tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi da yaji, ku ɗanɗana, amma baƙin yajin nan shito a ɗiba wa yara kaɗan. Nama kuwa kada ku saya a unguwar sai kun tambaya. Ana gasa naman alade a gefen titi, domedo suke ce masa, kuma a ido yana iya ruɗar baƙo. In naman kuke so ku bari ku koma Zango. Ku sha ruwan kwakwa, a fasa muku a gabanku, in an shanye a mayar wa mai sayarwa ya tsaga ta ya yanko ɗan ɓawo a yi cokali da shi a kankare na cikin. Salla kuma, Tudu da Zongo Lane ba su da nisa a mota, akwai masallatai, ko ku koma gida ku yi.

Ki sa leda babba a jaka saboda takalman. Yashin tashar masunta da ruwan kifi yake gauraye, in suka shiga motar mijin yayarki da shi, sai ya yi sati yana tuna ku. A cire su a bakin mota, a ƙulle, a wanke a gida.